Kubon Na Goma Sha Ɗaya

Watan Mastura biyar a Jidda lokacin da saƙo ya iso cewa surukarta da ƙannen mijinta mata biyu za su zo Umara, kuma a gidansu za su sauka har kwana goma sha biyu. Mijinta Saifuddeen, mai aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi, ya karanta saƙon ya yi hamdala, sannan ya tsaya yana kallon firiji. Mastura ta gane kallon. Albashi ɗaya ne, ga hayar gida a unguwar Safa, ga jaririyarsu Zubaidatu mai wata bakwai.

Maƙwabciyarsu Ummukulthum ce ta kawo shawara. Bahaushiyar Sudan ce haifaffiyar Jidda, Hausarta rabi Larabci ce.

"Ke miskina, da cikakken kuɗi kike sayen shinkafa?" ta ce. "Ai akwai kubon, habibti. Lambobin rangwame ne, wasu a takardun talla da ake turowa ta ƙarƙashin ƙofa, wasu a cikin waya. Ki tara su, ki je ranar da kanti ya karya farashi, khalas, shi ke nan."

Kwana uku Mastura tana tarawa, tana yanka takardu da almakashi, tana jera kowane kubon da kayansa. Ta haɗa goma. Ana gobe za ta tafi Ummukulthum ta turo mata na goma sha ɗaya, wanda ta tsinta a wani zauren WhatsApp na mata. An ce yana zabtare kusan rabin kuɗin kaya gaba ɗaya.

"Khala Ummu, kin taɓa gwada wannan?"

"Ban gwada ba. In bai yi ba, ai na'ura ce kawai za ta ƙi."

Abin da ke cin ran Mastura daban ne. Iƙamarta, wato katin izinin zama, ta ƙare kwana huɗu da suka wuce, wurin aikin mijinta kuma ba su gama sabuntawa ba. Saifuddeen ya ja mata kunne kada ta yi nisa kafin sabuwa ta fito. Amma rangwamen ranar Talata zai ƙare, kantin kuma tafiyar minti goma ce. Ba ta gaya masa ba. Bayan la'asar ta shayar da Zubaidatu, ta miƙa wa Ummukulthum ita, ta fita.

Keken kaya biyu ta cika: shinkafa buhu biyu, man girki, katan ɗin kaji, madara, taliya, sabulun wanki. Tun a layi take jin kamar kowa ita yake kallo. Mai karɓar kuɗin budurwa ce, an rubuta Wejdan a ƙirjin rigarta. Ta wuce da kayan, kuɗi ya tashi riyal dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Mastura ta fara miƙa kubon ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta karɓi na farko, ta karɓi na biyu. Da aka kai na goma kuɗin ya sauko ɗari bakwai da casa'in, har Wejdan ta yi murmushi ta ce, "Masha Allah."

Nan ya kamata ta tsaya. Sai ta juya wayarta ta nuna na goma sha ɗaya.

Na'urar ta yi wata ƙara daban, allon ya koma ja. Murmushin Wejdan ya ɗauke. Ta dubi wayar, ta dubi Mastura, ta ɗaga tarho ta yi magana ƙasa-ƙasa. Kafin Mastura ta haɗa Larabcin da za ta ce a bar shi, mai gadi ya iso ya tsaya a gefenta, bayansa wani dattijo mai furfura da tabarau. Wejdan ta ce shi ne mudir, shugaban kantin, sunansa Abdulghani. Ya yi mata nuni da hannu ta biyo shi.

Ta bi shi ta gaban mutanen layi, ta wuce firijin nama, har wani ƙaramin ofis mara taga. Wejdan ta shigo tare da su, aka bar ƙofa a buɗe, mai gadin na tsaye a bakinta. Abdulghani ya yi magana mai tsawo. Kalma ɗaya tak Mastura ta tsinta a ciki.

"Iƙama."

Labaran da take ji a bakin mata suka dawo mata gaba ɗaya: wadda aka tafi da ita daga kasuwa, wadda aka saka a jirgi da kayan jikinta. Ta tuna Zubaidatu ba ta karɓar bulumboti. Nan take ta ji nono ya tsatso, ya jiƙa mata riga a ƙarƙashin abaya. Ta kira Saifuddeen, wayarsa a kashe, yana ɗakin gwaji. Ta kira Ummukulthum.

"Khala Ummu, sun riƙe ni. Sun ce iƙama."

"La hawla! Sa ni a sifika, ba shi in ji."

Suka yi ta Larabci, Ummukulthum na ɗaga murya, Abdulghani na amsawa a hankali. Can a bayan muryar Ummukulthum, Mastura na jiyo kukan 'yarta.

"Saurara, habibti," Ummukulthum ta ce daga ƙarshe. "Lambar nan ta ma'aikatan kantin ce, wani ya fitar da ita waje. Ke ce mutum ta tara da ta kawo ta yau. Yana so ya ga inda ta fito, kuma sai ya rubuta sunanki. Na ce masa ni na turo miki. Ba shi katin."

Mastura ta ciro katin ta ajiye a tebur. Abdulghani ya ɗauka, ya kwafi suna, ya kwafi lamba. Sai alƙalaminsa ya tsaya. Ya buɗe wani abu a kwamfutarsa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Muntahiya," ya ce. Wannan ta san ma'anarsa: ta ƙare.

"Tajdid," ta ce da ƙyar, kalmar da take ji a bakin mijinta, wato ana kan sabuntawa. Hawaye suka zubo mata. "Wallahi tajdid."

Dattijon ya dube ta, ya dubi wayar da kukan jaririya ke fitowa daga cikinta. Ya tura mata katin, ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce shi shinkafa yake sayarwa, ba shi ke duba iƙama ba," in ji Ummukulthum. "Ya ce mijinki ya matsa musu su gama."

Saura takardar da ya miƙo ta sa hannu, duk Larabci. Mastura ta ƙi taɓa alƙalamin sai da Wejdan ta karanta wa Ummukulthum ita layi-layi, ita kuma ta tabbatar mata cewa abin da ke ciki kawai shi ne ba ta san lambar ta ma'aikata ba ce. Ta sa hannu a karkace, ta rubuta lambar wayarta a ƙasa. Ta koma ta biya ɗari bakwai da casa'in ɗin, Wejdan ta taya ta tura keke ɗaya har bakin titi, ta tsayar mata da tasi.

A gida ko abaya ba ta cire ba ta karɓi Zubaidatu, ta zauna a ƙasa cikin ledoji tana shayar da ita. Da Saifuddeen ya dawo bayan magariba ta gaya masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan buhun shinkafa ya riƙe kai, can ya tashi ya kira mai kula da takardun ma'aikata a asibitinsu, ya yi masa magana da muryar da ba ta taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Kwana shida aka yi kafin iƙamar ta fito, kuma a cikinsu duk wanda ya danna ƙararrawar ƙofa sai gabanta ya faɗi. A rana ta uku saƙo ya shigo wayarta da Larabci, da sunan kantin a sama. Ta ɗauki 'yarta ta ruga gidan Ummukulthum ba takalmi, ta miƙa mata wayar.

Ummukulthum ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago.

"Tumatir ne, habibti. Sun ce gobe kilo riyal biyu."

Mastura ta jingina da bango ta sulale ta zauna a bakin ƙofar. Sai da Ummukulthum ta kawo mata ruwa ta sha, sannan ta iya miƙewa.