Kwaɗon Kaka Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, ban gaya wa kowa ba. Na ga kaina a ƙofar asibitin da aka kwantar da ƙanwata Barira bara, lokacin da mura ta sauka mata a huhu. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, amma duk murar da ta shigo gari sai ta kayar da ita, Inna ta yini tana shafa mata baya. Ni ko atishawa ba na yi. Rabon da Inna ta taɓa goshina har na manta.

Asibitin ya koma kasuwa. Mutane sun yi layi, Yarabawa, Fulani, Nufawa, har da wani mutumin Sin riƙe da buta, kowa da kwaɗo a kulle a ƙirjinsa. Mura ce ke bin layin, wata doguwar mata da tarin makullai a haɓar zani. In ta gwada ya buɗe, sai ta shige.

A kaina ta gwada makulli goma sha ɗaya, ko ɗaya bai buɗe ba.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Da shi aka haife ni."

"Na Tabawa ne, kakarki ta wajen uwa. Shekara tamanin ina fama da matar nan."

Ta matsa wajen Barira, makullin farko ya buɗe. Nan take Inna ta fito daga cikin tulu da kwanon farfesun kaza, tana cewa, "Sannu, 'yar lelena."

Sai ga ni a rumfar wani ƙadangare mai gyaran kwaɗo.

"Musanya nake so, da na ƙanwata," na ce, ina kallon ƙasa.

"Nata na dangin ubanku ne. Mura ta tafi da uku a cikinsu."

"Na ji."

Ya gyaɗa kai, ko da yake tun zuwana yake gyaɗawa. Ya cire kwaɗona, ya maƙala mini na Barira.

Mura ta shigo, ta cire takalmi, ta shimfiɗa tabarma a huhuna na hagu. Numfashi ya koma kamar ina zuƙar iska ta kafar allura. Na ji daɗi. Na zauna inda Inna za ta gan ni.

Ta taho da kwanon, duk mutanen layi a bayanta.

"Wace ce ba lafiya? Ta yi tari in ji."

Tarin ya taso har maƙogwaro. Ido ya fi ɗari a kaina, har da na mai butar. Kunya ta kama ni, na haɗiye shi. Barira tana can tana tsallen igiya da kwaɗona a ƙirji, yawu ya sarƙe ta, ta yi ɗan tari sau ɗaya. Inna ta wuce ni, haɓar mayafinta ta shafi kunnena.

Na buɗe baki in kira ta, babu iska.

Sai na ji ana buga murfin tukunya a bakin ƙofa. Gari ya waye, Inna ce.

"Uwani! Ke da ba abin da ke damunki, tashi ki ɗora ruwan zafi. Barira ta tashi da mura."