Likkafanin Yaya Wada

Yayana Wada ya shekara arba'in yana fawa a kasuwar Garuwa, don haka ba sai likita ya gaya masa halin da hantarsa ke ciki ba. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti ya kamo hannuna ya ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Wurin ya yi tauri kamar dutsen niƙa.

"Dela, kin ji? Da a cikin saniya na tarar da wannan, rami zan sa a haƙa mata."

Na ce ya daina, sauƙi na Allah ne. Ya yi mini dariya, ya ce in adana wannan maganar don masu zuwa dubiya. Ni ce ƙanwarsa, ni ke jinyarsa tun da matarsa ta rasu, kuma ni kaɗai yake buɗe wa ciki. Abin da yake so bai fi a ƙirga da yatsu ba. A mai da shi ɗakinsa. Amininsa Hassan ya yi masa wanka. A naɗe shi da farin yadin da ya jiƙa da ruwan zamzam shekarar da ya je Makka, wanda ke ƙasan akwatinsa. A kwantar da shi kusa da mahaifiyarmu. Ya ce in likita ya tambaya, haka zai faɗa.

Likitan kuwa ya tambaya, wannan ba zan ci zalinsa ba. Dokta Gaston sunansa, mutumin kudu, mai kirki har kirkin ya yi masa yawa. Da hantsi ya zo da malamar jinya Clémentine, ita ma 'yar kudu, wadda ke juya masa Faransanci zuwa Fillanci. Ya ce maganar mai nauyi ce, sai an kira babban ɗa. Ni kuma aka ce in jira a waje, wai wuri ya yi kaɗan. Shekara sittin ina duniya, aka kore ni kamar akuya ta shiga rumbu.

Babban ɗan shi ne Lukmanu, ɗan farin Yaya. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya cin abinci a gabansa. Lukmanu ya kai shekara talatin da biyar, amma ban taɓa jin ubansa ya ce masa komai ba sai "wancan yaron," shi ma ta bakin wani. Rumfa ɗaya suke sayar da nama, in Yaya na son wuƙa sai ya gaya wa iska, Lukmanu ya miƙo. Wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba, kuma duk mai hankali a unguwarmu ya sani. Likita bai sani ba. Ya jawo kujera ya zaunar da Lukmanu dab da kan ubansa.

Ina laɓe jikin taga, komai a kunnena. Likita bai ɓoye ba. Ya ce ciwon ya ci ƙarfin magani. Ya ce akwai aikin tiyata da ake yi a Yawunde, amma shi bai sa rai ba, in an dace a ƙara 'yan makonni. Ko kuma a koma gida da maganin rage zafi. Sai ya sunkuya ya ce wa Yaya, shi me yake so?

Yaya ya juya fuska ga bango. Ta yaya zai yi zancen wankan gawarsa a gaban ɗan fari? Likita ya sake tambaya, shiru. Clémentine ta ce wataƙila tsohon ya tsorata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin jini da tumbi, wai ya tsorata. Sai suka juya ga Lukmanu. Kansa a ƙasa, ya ce a yi duk abin da ya kamata. Likita ya rubuta takardar Yawunde, Lukmanu ya sa hannu.

Ban zauna ba. Na tare Clémentine na zayyana mata komai. Ta ce ba matsala, majinyacin ya faɗa da bakinsa ko ɗan ya janye, sai a yaga takardar. Na koma wurin Yaya ina huci.

"Yaro ya yi magana gaban baƙi," in ji shi. "In na warware, da wane ido zai shiga kasuwa?"

Na sami Lukmanu ƙarƙashin dalbejiya a harabar asibiti, na gaya masa duk abin da ubansa ke so. Hawaye na zuba yana saurare.

"Goggo, in na ce a mai da shi gida, cewa za a yi na ƙosa in gaji rumfa. Shi ya faɗa mini, ko kalma ɗaya."

Kwana uku ina kai kawo tsakanin mutum biyu da taku ashirin ya raba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira su wawaye su duka. Kowa na kare mutuncin ɗan'uwansa. Ranar tafiya na ce bari in sa yadin a kaya, Lukmanu ya roƙe ni kada in yi, wai kamar mun yanke masa ƙauna ne. Na biye masa, wannan laifina ne, kuma har yau yana cina.

Mota ta kai su Ngaundere, daga can suka hau jirgin ƙasa. Bayan kwana shida Lukmanu ya dawo shi kaɗai da takalman ubansa a cikin jaka. Ba su kai Yawunde ba. A wata tasha cikin kurmi aka sauke gawar, wasu fatake Hausawa suka taimaka aka yi wanka, aka sayo yadi a kanti, aka binne shi a garin da ko sunansa Yaya bai taɓa ji ba.

Bayan sadakar bakwai Lukmanu ya shigo ɗakina ya tsuguna. Ya ce a jirgi ubansa ya kama wuyan hannunsa, ya kira shi da sunansa, Lukmanu, sau ɗaya. Ya ce shi kuma kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai yana jiran sauran maganar. Da ya ɗago, babu sauran, rai ya yi halinsa.

"Goggo, me yake son ya ce?"

Na san amsar, ai na sha faɗa masa ita ƙarƙashin dalbejiya. Ban maimaita ba. Na buɗe akwati na ciro yadin, yana nan fari tas da ninkinsa, na ɗora masa a cinya. Ya riƙe shi da hannu biyu, bai san inda zai kai shi ba.