Ƙasar Inda Choji Ya Kwanta

Wasiƙar Mama gajeriya ce, malamin coci ne ya rubuta mata daga Bukuru. Tunda ba a samu gawar Choji ba, a aiko mata da ƙasar inda ya kwanta, ko da cikin tafin hannu ce, ta zuba a kabarin da aka haƙa kusa da na babansu. Bot ya karanta har takardar ta yi laushi. Ƙanen nasa Choji, wanda arzikin man fetur ya kawo Landan karatun injiniya, ya zame ne daga matakalar bakin kogin Thames a watan Nuwamban 1975, ruwa ya tafi da shi. An yi kwana tara ana nema aka haƙura.

Bot kwandastan bas ne, ɗan kan dutse, bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Amma duk ranar hutunsa sai ya baro gidansu na Thamesmead ya tsaya a kan katangar kogi ya zuba wa ruwa ido. Wani tsohon Bature mai kamun kifi, Bernard, ya gaji da ganinsa hannu rabbana, ya miƙa masa sandar kamun kifi.

"Kifin filaunda muke nema," in ji tsohon. "Ba shi da yawo. Lafewa yake a laka, inda ruwa ke sauke abin da ya ɗauko. In ka san makwancinsa, ka san inda kogin nan ke ajiye kayansa."

Maganar nan ce ta kama Bot. Ya koyi tonon tana in ruwa ya janye. Ya koyi jan ƙugiya a hankali a ƙasa don laka ta tashi, domin kifin akwai son bin ƙwaƙƙwafi. Ya gane cewa sai ruwa ya fara hauhawa yake biyo shi zuwa gaɓa neman abinci. Kifin kuwa Allah bai ba shi kyau ba: shimfiɗaɗɗe kamar faifai, baki a karkace, idanu biyu duk a gefe guda suna kallon sama. Ranar da Bot ya fara kama ɗaya, tsikar jikinsa ta tashi. Duk da haka ya kai gida, matarsa Chundung ta soya da yaji, suka ci. Haka aka yi ta yi har sanyi ya fara sauƙi.

A watan Maris ya gano wani lungu inda kogin ya yi kwana. Kullum akwai kifi a wurin, ga kwalabe da tsofaffin takalma birjik.

"Baban Eunice, na yi booking ɗin jirgin zuwa gida," in ji Chundung. "Asabar zan tashi. Me zan miƙa wa Mama?"

Ranar Juma'a da safe ya tarar da Bernard yana feɗe kifi a kan katanga. Tsohon ya buɗe tumbin da wuƙa ya nuna masa ɓawo-ɓawo a ciki.

"Ka gani? Ƙananan ƙaguwa yake ci. Su kuma ƙaguwar ba sa barin komai a ƙasan ruwa. Duk abin da ya nutse nasu ne."

Tsohon bai san zancen Choji ba. Bot bai taɓa gaya masa ba.

Bot ya nufi lungun nan da kogin ya yi kwana. Ya gangara cikin laka har ƙwauri, ya sami ɗan gurbin da wani kifi ya kwanta kafin ruwa ya janye, ya kwashe lakar wurin da hannu ya cika gwangwanin madara. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Tun daga matakalar gida ƙamshin suya ya tare shi. Chundung ta soya kamun jiya. Ta dubi gwangwanin, ta dubi wandonsa.

"A nan yake?"

"Ban sani ba."

Ta ajiye masa faranti. Idanun nan biyu suna nan, sun yi fari, suna kallonsa. Ya kai hannu zai ture. Sai ya tuna wata huɗu ke nan yana neman ƙanensa a kogi, kuma wata huɗu ke nan yana dawowa gida da abin da kogin ya ba shi.

Ya wanke hannu. Ya sunkuyar da kai zai yi addu'ar abinci, abin da ya fito daga bakinsa sunan Choji ne. Sannan ya ci, yana hawaye, bai bar komai ba sai ƙaya.