Hoton Rufus a Gidan Ibadar Rila

"Sake faɗa, ban ji ba!" Keziah ta buga teburin shagon har kwamfutar ta girgiza.

Jibrilla mai hoto ya ja kujerarsa baya. "Anti, na ce wannan aikina ne. A nan Sintali na yi shi."

Hoton yayanta Rufus ne ta kawo a ƙara masa girma. Gobe za a yi addu'ar cika shekara ɗaya da rasuwar mahaifiyarsu, Mama Abigail, kuma Baba ya ce a kafa hoton a gaban coci, tunda Rufus na karatun likita a Bulgeriya, ba zai samu zuwa ba. Ga shi nan tsaye cikin kwat, bayansa gidan ibadar Rila mai zanen fari da baƙi, duwatsu sun kewaye shi.

"Shekararsa uku a can," in ji ta. "Kowane wata sai ya turo hoto."

"Kowane wata sai ya zo nan dai."

Jibrilla ya buɗe wani fayil. Ga Rufus a tsohon dandalin wasan Romawa na Plovdiv. Ga shi gaban cocin Sofiya mai kan zinariya. A gefen kowanne kuwa ga na asali: Rufus tsaye gaban koren ƙyalle, kwat a sama, silifas a ƙasa. Shi ya sa ba a taɓa ganin ƙafarsa ba.

"Shi ke zaɓo wuraren a waya, ni kuma in manna. Ya ce na nishaɗi ne. Bizar ce ta ƙi fitowa tun farko, kunya ta hana shi komawa gida. A Iware yake zaune."

Iware. Tafiyar da ɗan acaɓa ke yi ya dawo kafin tuwo ya huce. Keziah ta tuna Mama a gadon asibiti, wannan hoton a ƙirjinta, tana cewa kada a ɗaga wa likitanta hankali, yana jarrabawa. Ita Keziah ce ma ta kira shi ranar jana'iza, shi yana kuka, ita tana ba shi haƙuri.

"A fasa aikin, Anti?"

"A'a. Buga min mai silifas ɗin. Babba. Shi zan kafa gobe."

Injin ya fara turo takarda ke nan aka ɗaga labule. Wata mata ce da goyo, ƙura har gwiwa.

"Sannu da aiki. Maigidana Rufus ya ce in karɓi hotonsa na wannan wata, mai doki a jikin dutse." Goyon ya fara kuka, ta jijjiga shi. "Yi shiru, Abigail."

Ta juyo ta ƙura wa Keziah ido, sai ta yi murmushi.

"Ikon Allah! Kin yi kama da ƙanwar mijina da ya nuna min a hoto, wadda ya ce ta rasu."