Ƙwaryar Mama Laraba

Da Mama Laraba ta ji Dibora, matar ɗanta, tana da ciki, ba ta tsaya aike ba. Ta taso daga ƙauyensu na Filato har Haɗeja, ta kafa tukwane a bayan gidajen malaman makaranta, ta shiga dafa burkutu.

"Shi ke ƙara wa mai ciki jini," in ji ta. "Kullum ƙwarya guda."

To, unguwarzoma a asibiti ta riga ta ja wa Dibora kunne: giya ko ɗigo kada ta sha, don duk abin da ta sha jariri ma ya sha. Dibora ta tsorata ƙwarai, domin ta daɗe tana neman cikin nan. Amma a wajensu, ƙwaryar da suruka ta miƙo ba ta komawa da saura. Zubarwa kuma ba hali, tsohuwar ba ta barin tsakar gida.

Sai mijin, Malam Yohanna, ya bugi ƙirji. Mutumin da ko kunun da ya kwana juya masa kai yake yi! Kowace safiya Dibora ta shige ɗaki da ƙwarya, gogan ya shanye, ita ta fito tana lasar baki. Mama ta ga ƙwarya na dawowa tas, ta ji daɗi, ta canza babba.

Nan fa Malam ya fara koyar da lissafi da rawa. An ce har tsayawa ya yi ya tambayi jakin maƙwabci lafiyar iyali.

Da kogi ya cika ya malalo fadama, wata safiya Malam yana kan kekensa ya ga hanya ta zama biyu, ya zaɓi wadda babu. Ari masunci ne ya tsamo shi, ya rako shi gida, laka har gira.

Dibora ta durƙusa tana hawaye. "Mama, ki yi haƙuri. Shi ke shanyewa. Tsoro nake ji kada ɗan ya sami lahani."

Mama ta juya. Ta dubi ɗanta, yana ta ƙoƙarin sa takalmi a hannu.

"Lokacin da nake da cikin wannan," ta ce a hankali, "ba da ƙwarya nake sha ba, da tulu."

Ta sake dubansa, ta daɗe.

"Tashi, 'yata. Malam Ari, don Allah kama min mu kifar da tukwanen nan."