Kaguwar da Ta Koya wa Walt Sunan Mahaifiyarsa

Walt Kuramoto yana da shekara saba'in da huɗu lokacin da wata kaguwa mai safar dambe ta zama malamarsa.

Asalin kaguwar daga wani wasan bidiyo take, inda sana'arta naushin kifaye. Daga baya wani kamfani ya ga ta cancanci aikin koyarwa, ya sa ta a gajerun bidiyoyi tana koya wa 'yan shekara huɗu rubutun Japananci. Kowane zane na harafi naushi ne, kowane naushi da ƙararsa. Na kwance "fau", na tsaye "dum", mai lanƙwasa "wiii", ɗan ƙaramin zane na gefe kuma "tak".

Shi Walt haruffa uku kawai yake nema, na sunan mahaifiyarsa Misao, wadda ta rasu bara. A bikin tunawa da mamata na watan Yuli akan rataya fitilun takarda a harabar wurin ibada, kowace da sunan mamaci a jiki. Shekara arba'in Gwaggo Hamasaki na zama a tebur tana rubuta wa waɗanda ba su iya ba, wato kusan duk tsaran Walt na garin Fresno. Iyayensu 'yan asalin Japan, da suka fito daga sansanin tsarewa bayan yaƙin duniya, da Turanci zalla suka rene su. Sai dai a shekararta ta ƙarshe Turancin ya gudu ya bar Misao. Kullum ya shigo ɗakinta sai ta maimaita masa wata magana guda da harshen yarintarta, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai bai san me ya amsa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ƙudura fitilarta dai da hannunsa zai rubuta.

A rumfar tarakta yake ɗaukar darasi, bayan ya zaga gonar inabi. Wata safiya matarsa Doreen ta leƙo.

"Tsoho, wa kake duka a nan?"

"Karatu nake."

"To. In ka gama da shi ka zo, ƙwai na hucewa."

Cikin wata biyu ya iya haruffan, amma da sharaɗi: in bakinsa ya yi shiru, hannun ma ya tsaya cik. Ya gwada a zuci, harafin ya fito kamar tsutsar da aka taka.

Ranar biki rana ta take, ƙamshin gasasshiyar kaza ya cika harabar. Walt ya shiga layi, bayansa kuwa Stan Uyeda ne, maƙwabcin gonarsa, mutumin da tun firamare bai taɓa barin kuskuren Walt ya wuce salin-alin ba.

"Ɗan Misao," in ji Gwaggo Hamasaki, mai shekara casa'in da ɗaya. "Kawo takardar."

"Ni zan rubuta, Gwaggo."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta miƙo buroshi. "Takarda ɗaya ce kowa. In ka ɓata, ka ɓata."

Ya tsoma buroshin a tawada, ya datse leɓe. Hannu ya ƙi. Tawada ta taru a bakin buroshi tana shirin ɗiga. Kunya ta rufe shi, amma ya ga bai zo nan don tsare mutuncinsa ba.

"Wiii," in ji Walt. "Dum."

Harafin farko ya fito, ya shiga na biyu.

"Fau. Dum. Wiii."

Yana harafin ƙarshe gumi ya shige masa ido. Ya yi zane biyu ya tsaya. Ya san saura wani abu, ya neme shi ya rasa.

"Tak," in ji Stan daga baya, idonsa na kan rufin rumfa.

Walt ya ɗora ɗan zanen, sannan ya waiwaya.

"Kallon me kake?" in ji Stan. "Matsa. Ni sunan tsohona haruffa huɗu ne."

Gwaggo ta ɗaga takardar ta duba ta sosai. "Muni kam ya kai muni. Amma sunanta ne, za ta gane." Ta hura tawadar. "Ai sau da yawa ina ɗakinta in ka shigo. Ka san abin da take ta ce maka?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Tambayarka take ko ka ci abinci."

Walt ya karɓi takardar, ya ɗaura ta a fitila, ya hau tsani ya rataya da kansa. Da ya sauko ya wuce rumfar masu kaza ya sayo faranti guda da shinkafa. Doreen ta nuna masa kujera a inuwa, ya ce a'a. Ya koma ƙarƙashin fitilar, a tsaye cikin rana, ya cinye tas.