Ranar da Aka Tambayi Jidda Ina Mamanta

Haulat ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba. 'Yar fari ce, kuma a gidansu a Malumfashi mace ba ta ambaton 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan". Ana yaye Jidda, Inna, mahaifiyar Haulat, ta goya ta ta wuce da ita ɗakinta. A can ta tashi, tana kiran Haulat Anti kamar yadda ta ji sauran yaran gidan suna yi. Ba wanda ya ga abin gyarawa a ciki.

Da Haulat ta samu gurbin karatun digiri na biyu a Doha, a hannun Inna ta bar ta. Mijinta Hambali ya riga ta zuwa, yana tuƙa tankar ruwa a Sanaiya, unguwar masana'antu, yana kwana a masaukin ma'aikata, sai Juma'a suke ganin juna. Ita kuma ta kama ɗaki guda a Abu Hamour, a wani gida da aka yanyanka da katako, maƙwabtanta ba mai jin Hausa.

Jidda na da sikila. Da ta shiga shekara shida ciwon ya matsa, Haulat ta sa aka kawo ta da bizar ziyara. Gwamnatin da ke ɗaukar nauyin karatunta tana ba 'ya'yan ɗalibai izinin zama da katin asibiti da tallafin wata, amma sai ɗan da mutum ya haifa da cikinsa. Bizar kuwa ƙarshen wata za ta ƙare. In katin bai fito ba, Jidda za ta koma inda ake neman jini a rasa.

Ranar da aka kira su ofishin ba da katin, Haulat ta shirya komai a jaka, har da ruwan ɗumi a gora saboda sanyin na'urar sanyaya ɗaki da ke tayar wa yarinyar da ciwo. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne tafinta. Da yake Jidda ba ta jin Larabci ko Turanci, sai aka kira wata dattijuwa, Hajiya Maimunat, Bahaushiyar Kumasi da ke aiki a ginin. Haulat na ganinta ta rusuna ta gaishe ta, kunya ta sauko mata kamar tana tsakar gidansu. Ba ta ma san lokacin da ta bar kujera guda tsakaninta da Jidda ba.

Jami'ar, mace mai fara'a, ta dubi Haulat ta ce, "Yaya sunan yarinyar?"

Haulat ta tura mata fasfo. "Yana nan a rubuce."

"Na gani. Ke nake tambaya."

Haulat ta saci kallon Hajiya Maimunat, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Shi ne dai wanda ke ciki."

Fara'ar jami'ar ta ragu. Ta juya takardar haihuwa, wadda bara aka yanka saboda fasfo, don a gida aka haifi Jidda. Sannan ta sa a tambayi yarinyar.

Hajiya Maimunat ta ce, "'Yan mata, ina mamanki?"

"Tana Malumfashi."

"Wannan fa?"

Jidda ta dubi Haulat, ta dubi takalmanta. "Anti ce."

Dattijuwar ta fassara yadda aka faɗa. Ta ƙara da bayanin al'adar, Haulat ma ta sa baki, maganar tana fita a hargitse. Jami'ar ta saurara har ƙarshe. Ta ce ba ta ƙaryata kowa ba, amma sun sha ganin an kawo 'ya'yan 'yan uwa an ce na ciki ne. Sai an yi gwajin jini a tabbatar ita ta haife ta, sakamakon kuma ba zai fito kafin bizar ta ƙare ba. Abin da za ta iya shi ne ta sake ganinsu mako mai zuwa. In ta gamsu, za ta ba da katin wucin gadi a jira sakamako. In ba ta gamsu ba, khalas, shi ke nan.

A bakin ƙofa Hajiya Maimunat ta riƙe hannun Haulat. "'Yata, a nan ba a san kara ba. Abin da ido ya gani shi ake rubutawa."

A bas ɗin komawa Jidda ta yi barci, kanta na karo da gilashi. Haulat ta daɗe tana kallonta kafin ta jawo kan ta ɗora a kafaɗarta. Ba wanda ya san su a motar, amma sai da ta waiga.

Da la'asar ta kira Hambali. Tana jin ƙarar injin a bayansa.

"Ki koya mata ta ce Mama mana," in ji shi. "Yaro ne fa, yanzu sai ta haddace."

"Ba hadda nake so ta yi ba. In matar nan ta juya tambayar fa?"

"To ya kike so a yi? Ni wallahi ko na roƙa ba za su sake ni ranar aiki ba. Wanda ya nemi hutu wancan satin har yanzu ana harararsa."

"Ban ce ka zo ba."

"Kin ga, ke ce mai boko, ke kika san bakinsu. Ga lodi ya zo kaina, zan kira ki."

Bai kira ba. Ba ta riƙe shi da laifi ba, ta san yadda yake faɗuwa kan katifa in ya sauka.

Kwanakin suka yi ta tafiya tana ɗaukar maganar tana ajiyewa. Wa za ta tambaya? Inna ba za ta gane dalilin da zai sa a tuhumi mace don ta yi kunya ba. Ƙawayen karatunta kuwa sai ta kwashe awa tana bayani kafin su fahimci farkon zancen.

Ana gobe za su koma, da hantsi, ta zaunar da Jidda tsakanin ƙafafunta za ta yi mata kitso. Ta tsaga gashin, ta shafa mai. Ta ga in yarinyar ta ba ta baya abin zai fi sauƙi.

"Jidda."

Yarinyar ta waigo da sauri har tsagar ta ɓace. "Wa ya kira ni?"

"Mu nawa ne a ɗakin? Juya, kada ki ɓata mini aiki." Ta sake tsagawa. "Akwai abin da zan gaya miki. Inna ita ta goya ki, ita ta yi wahalarki. Amma ni na haife ki."

"Na sani."

Hannun Haulat ya tsaya. "Wa ya gaya miki?"

"Inna. Tun ina ƙarama." Ta faɗa kamar wata tsohuwa. "Ta ce kunya kike ji, kada in tona ki a gaban mutane."

"Shi ya sa kika ce musu Anti ce?"

"Ai akwai baƙi. Kuma na ga kin sunkuyar da kai."

Haulat ta kifa goshinta a kan rabin kitson. Ƙamshin man ya cika mata hanci. Ta daɗe a haka, har Jidda ta ce wuyanta ya gaji.

"Gobe ki tona ni," in ji Haulat. "Ko wa ke wurin."

Washegari da suka shiga, Haulat ta gaida Hajiya Maimunat, sannan ta ɗauki Jidda ta ɗora a cinyarta. Fuskarta ta yi zafi kamar an kara mata garwashi. Dattijuwar ta kau da kai wajen taga, ta ba ta wuri.

"Sunanta Hauwa'u, muna ce mata Jidda," in ji Haulat tun ba a tambaye ta ba. "'Yata ce ta fari."

Jami'ar ta yi ta juya tambayoyi ta bakin tafinta. Wa ke yi miki wanka a gida? Inna. Wa ke kai ki asibiti? Inna. To wace ce mamanki?

"Inna ta goya ni," in ji Jidda. Ta dafa gwiwar Haulat. "Wannan ta haife ni. Kunya take ji, amma ta ce yau ba komai."

Hajiya Maimunat ta yi dariya har ta share ido kafin ta fassara. Jami'ar ba ta yi dariya ba, ta dai daɗe tana kallonsu. Sannan ta buga hatimi a katin wucin gadi, ta ce su sauka ƙasa a ɗebi jini. Jidda ta miƙa hannu da kanta, ta saba da allura.

Bayan azahar suka kira Malumfashi. Fuskar Inna ta cika wayar, ta matso da ita kusa da ido kamar kullum.

"Inna, yau na faɗa musu!" in ji Jidda. "A cinyarta ma na zauna!"

Inna ta ce, "To, madalla. Ba ni uwar taki."

Haulat ta karɓa. Ba ta taɓa jin Inna ta kira ta haka ba.

"Kenan ba za a dawo da ita ba," in ji Inna.

"Ba yanzu ba, Inna. Sai ta samu lafiya."

"Allah ya ba ta." Tsohuwar ta gyara ɗankwalinta da bai kunce ba. "Ba ta faɗa in ciwon ya taso, sai dai ki ga ta daina surutu tana murza gwiwa. Ki gasa mata da ruwan ɗumi tun kafin ya hau. Kuma kada ki sa mata tsamiya da yawa a kunu, ba ta so."

"To, Inna."

"Ki dai riƙa duba gwiwar."

Hoton ya daskare, layin ya yanke. Haulat ta sake kira, bai shiga ba. Ta zauna da wayar a hannu, tana kallon Jidda da ke jera takalmansu a bakin ƙofa tana yi musu surutu.